Gyara a Cinikin Bindigogi

Kanar Almu ya ɗauki biro, ya dubi takardar ciniki, sai ya mayar da biron aljihu.

Muntaka ya matso kusa da shi. Wata da watanni yana zirga-zirga tsakanin ofishinsu da ofishin jakadancin su Kanar a Washington, yana haɗa cinikin nan: tsofaffin bindigogi da motocin soja da gwamnatin Amurka ta gama yayinsu za ta sayar wa ƙasar Kanar. Gobe Kanar zai hau jirgi. In bai sa hannu yau ba, aikin Muntaka ya ƙare ke nan.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala ne?"

"Babu, ɗan'uwa," in ji Kanar da Hausa. "Farashi ya yi. Amma ko barkono na saya a kasuwa ana yi mini gyara. In koma gida in ce na kwashi kaya jirgi guda, ba a ƙara mini ko allura ba?"

Muntaka ya juya ga maigidansa, Mista Alexander, mutumin kirki wanda ko tumatir bai taɓa tayawa ba. Ya yi masa bayani: a wajenmu in ciniki ya faɗa, mai kaya yakan ƙara ɗan wani abu don mai saye ya tafi da daɗin rai.

Alexander ya yi ja har kunne. "Ko harsashi ɗaya ba zan iya ƙarawa ba. Majalisa ta san adadin komai."

Can sai Muntaka ya tuna wata tsohuwar tankar ruwa da ya gani a bayan sito a Maryland, tayoyi duk sun sace, ana shirin kai ta bola. Ai ita ba makami ba ce. Ya kawo shawara a ba Kanar ita a matsayin gyara. Alexander ya buga waya, ya sha tambayoyi, ya dawo yana gyaɗa kai.

"Tana yoyo?" in ji Kanar.

"Ba ta yi, ranka ya daɗe."

"To, Allah ya sa albarka." Ya zaro biro.

Muntaka ya hau jirgin ƙasa na Metro ransa fes. A gida ya tarar da matarsa Furera ta dawo daga asibitin da take aiki, tana kwasar tuwo. Ita dama ba ta taɓa son aikin nan nasa ba.

"Yau kuma me kuka ɗora musu?"

"Tankar ruwa muka ba su, kyauta."

Ta yi murmushi, ta ƙara masa tsokar nama a miya. Bai ambaci sauran kayan ba, ita ma ba ta tambaya ba.