Fuskar Housseina a Bayan Rubutu

Motar hayar da ke kai su Djougou ta wuce Tourou ke nan wayar Mas'uda ta yi ƙara. Hajiya Rabiatou ce, shugabar ƙungiyar mata masu yin man kaɗanya a Djougou, wadda ta ba ta aikin haɗa musu shafin intanet. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ce ta buɗe shafin a wayarta, tana jan sa da yatsa sai ga fuskar Housseina ta fito sarai.

Housseina 'yar Nijar ce. Shekara biyu da suka wuce 'yan fashi suka tare motar kayan mijinta, suka kashe shi a gabanta. Ta ba da shaida a kotu aka ɗaure biyu, sauran suna waje, shi ya sa ta taho Djougou. Ranar ɗaukar hotuna ta roƙi Mas'uda kada fuskarta ta fito ko'ina, ita kuma ta yi mata alkawari.

Hoton da Mas'uda ta shimfiɗa a bayan shafin mai faɗi ne, mata takwas kewaye da kwanonin mai. Ta tsara shi ya riƙa tafiya a hankali, rubutu na wucewa da sauri a kansa. A kwamfutarta, can wurin aikinta a unguwar Titirou, wani farin akwatin rubutu ya rufe Housseina, wadda ke tsakiya, kuma duk inda aka ja bai bar ta ba. A waya ne ba ta gwada ba. Fuskar waya siririya ce, sai ta yanke gefe biyu na hoton ta bar tsakiya, akwatin kuma ya zame sama ya bar mutum a fili.

"Hajiya, kin riga kin tura wa wani?"

"Tun da safe. Yana cikin zauren 'yan kasuwa na WhatsApp. Akwai direbobin Malanville da na Gaya a ciki, masu zirga-zirga a iyakar Nijar."

Su huɗu ne a matse a kujerar baya. Mas'uda ta ciro kwamfuta ta ɗora a gwiwa, ta haɗa ta da wayar. Niyyarta ta fara goge hoton, sauran gyara ya biyo baya. Tana shiga shafin rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Itatuwan kaju ne kawai ke wucewa ta taga.

Ba ta zauna haka nan ba. Ta binciko wani hoto da babu fuska a cikinsa, hannuwa ne kawai suna murza mai a kwano. Ta yanka shi gida biyu: dogo na waya, mai faɗi na kwamfuta, ta bar sarari sama da ƙasa don kada ya ƙare idan ana ja. Megabait huɗu ne nauyinsa, ta san ba zai hau ba a wannan hanya, sai ta matse shi ya koma kilobait ɗari biyu. Mota na girgiza, yatsunta na kuskure maɓalli. Batir ya sauka zuwa kashi tara.

Daf da Bétérou sanda biyu na rezo suka bayyana a wayar. Ta roƙi direban, wani dattijo mai suna Yaou, ya tsaya mata minti biyar. Fasinjoji suka fara gunaguni, wani ya ce kasuwa yake sauri. Ta ce wa Yaou, "Baba, rayuwar wata mata ce." Ya kalle ta a madubi, ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Ta goge tsohon hoton, ta ɗora sababbin biyu. Ta ari wayar matar da ke kusa da ita ta buɗe shafin, ta ja shi sama da ƙasa har sau uku. Hannuwa ne kawai da mai.

A Djougou ta tarar da Housseina a bayan rumfar ƙungiya tana wanke kwano. Hajiya ba ta gaya mata komai ba. Mas'uda ta durƙusa kusa da ita ta faɗa mata duka: laifinta ne, hoton ya yi awa uku a waje, mutum hamsin da uku sun buɗe shafin. Housseina ta tambaya ko za a iya sanin su wane ne. Ta ce a'a.

Housseina ta ci gaba da wanke kwanon. Daga baya ta ce gara da ta ji daga bakinta. Kafin la'asar ta ɗaure kayanta, ƙanin Hajiya ya kai ta ƙauyen Pélébina a babur, wajen wata gwaggonta. Wata biyu ta yi can, babu wanda ya zo cigiyarta, sannan ta koma bakin aiki. Suna gaisawa da Mas'uda idan sun haɗu, amma in an ɗaga waya za a ɗauki hoto, tashi take yi ta shige ɗaki.