Kunnen Jaririyar Angelina

Hansai ta iya duba kunnen jariri, kuma ta san ta iya. A Zariya ta koya wurin kakarta: ka dubi saman kunne da gindin farce, nan za ka ga launin da yaro zai koma idan ya girma. Da wannan ilimi ta sauka Landan, a shekarun da kuɗin mai ke ta tura 'yan Najeriya karatu waje. Mijinta Maharazu likita ne, yana ƙaro ilimi a wani asibiti a Camberwell, ita kuwa tana saman bene tana kallon ruwan sama.

Angelina ce ta raba ta da kaɗaici. Nas ce a asibitin da Maharazu yake, 'yar tsibirin Tirinidad, tana zaune a ƙasan benen da mijinta Bernard, direban bas. Dukansu baƙaƙe ne, Bernard ma ya fi Maharazu duhu. Angelina ta nuna wa Hansai inda ake samun doya da attaruhu a Peckham, Hansai kuma ta koya mata cewa ba a mayar da kwanon maƙwabci babu komai a ciki. Wata koriyar langa ce ke zirga-zirga tsakaninsu: ta sauka da funkaso, ta hau da gurasar Indiyawa da miyarsu ta kori mai kayan ƙamshi. Hansai ta sha lashe yatsu, amma ba ta taɓa tambayar inda baƙar mace ta gaji girkin Indiyawa ba.

Da Angelina ta haihu, Hansai ta sauka barka da farfesun kaza. Jaririyar fara ce sol, gashinta kwance luf, idanunta 'yan sirara. Hansai ta juya kunne, ta duba farce, ta sake juya kunne. Babu alamar duhu ko kaɗan.

"Me kike nema?" Angelina ta tambaye ta da Turanci, tana dariya.

Hansai ta yi mata bayanin al'adar.

"To me kunnen ya ce?"

"Ya ce za ta yi kyau," in ji Hansai.

Da maganar ta tsaya nan da an huta. Sai dai a makon Tabitha ta zo yi mata kitso. Tabitha 'yar Jos ce, nas a ɗakin jinya ɗaya da Angelina, kuma bakinta ya fi hannunta sauri.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Hansai, kanta a cinyar Tabitha, "amma kunnen yarinyar nan ba na Bernard ba ne."

Tabitha ta dakata da kitson. "Kin san kuwa akwai wani doctor Basine ɗan Hong Kong a ɗakin jinyarmu? Shi da Angelina sun sha yin shift ɗin aiki tare."

Hansai ba ta san da wani likita ba, ba ta kuma ambace shi ba, amma ba ta musa ba, wannan kuwa ya ishi Tabitha.

Ba a daɗe ba Maharazu ya dawo gida fuska a murtuke. "Ana wata banzar magana kan Angelina a asibiti," ya ce. "Wai wata maƙwabciyarta ce ta duba kunnen yarinyar." Ya tsaya yana kallon matarsa. Ita kuwa ta duƙufa kan tukunyar da ba ta buƙatar juyi. Daga ranar ta koma sanɗa a matakala, ta riƙe numfashi in za ta wuce ƙofar Angelina. Ta tsani kanta, ta tsani Tabitha, har kakarta da ke kabari sai da ta ji haushinta.

Wata Asabar Angelina ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. "Sauko ki gai da uwar Bernard, ta iso daga gida."

A kujera Hansai ta tarar da wata 'yar tsohuwa fara, mai siraran idanu da furfura kwance luf, rungume da jaririyar. Kai ka ce tsohuwar ce ta yi kaki ta tofar. Bernard, ƙato baƙi wuluk, yana tsugune yana cire mata takalmi.

Tsohuwar akwai surutu. Ta ce ubanta daga ƙasar Sin ya zo ya buɗe kanti, uwarta Ba'indiya ce daga gonar rake, mijinta kuwa jikan waɗanda aka kwaso daga Afirka ne, shi Bernard ya biyo. Kakan Angelina ma ɗan Fotugal ne. "Tsibirinmu ɗan mitsitsi ne, a wuni ɗaya kin gama shi a mota," in ji ta, "amma babu irin mutanen da babu. Idan mace tana da ciki, zuba ido muke mu ga wane kakan zai dawo. Wannan karon ni ce."

Kowa ya yi dariya ban da mata biyu.

"Hansai," in ji Angelina a hankali, "zo ki duba kunnen Mama ma."

Hansai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta miƙe ta nufi ƙofa.

Angelina ta rako ta bakin matakala. "Bernard dariya ya yi da ya ji," ta ce. "Amma ni ce zan koma aiki cikin mutanen nan. Kuma tsakanina da ke bene ɗaya ne. Da kin tambaye ni."

Washegari Hansai ta wuni a kicin. Ta yi funkaso mai laushi da miyar taushe, ta cika koriyar langa, ta kai da kanta. Bernard ne ya karɓa, ya yi godiya.

Ranar Litinin da yamma Maharazu ya shigo riƙe da langar, ya ce a bakin ƙofa ya same ta. Ya zauna yana murna, ya buɗe murfin don ya yagi gurasa kamar yadda ya saba. An wanke ta tas, an goge, babu komai a ciki.