Saiwar da Sodangi Ya Ƙona

A shekarar da aka samu 'yancin kai, idanun Tasallah suka fara hazo. Ciwon nan ne na bakin kogi, wanda ya makantar da tsofaffi da yawa a Bahindi. Mijinta Sodangi mai magani ne, ya gaji maganin shawara wurin mahaifinsa, har daga Dahome ana zuwa nemansa. Amma na ido bai gada ba.

Ran kasuwar Bagudo ya haɗu da Bunyaminu, mutumin tsallaken kogi, wakilin wani kamfanin magunguna na Turawa. Bunyaminu ya ce kamfanin na tara magungunan gargajiya yana aunawa. Ya ce ma yanzu ana harba ƙwayoyin cuta cikin roka zuwa sararin samaniya don a ga halinsu a can, kuma duk wanda ya riga samo magani ta haka zai sayar wa duniya. Sodangi bai damu da sama ba. Abin da ya riƙe shi ne alkawarin cewa in nasa ya karɓu, kamfani zai kai matarsa babban asibiti a duba idonta.

Kwana uku yana juya maganar. Mahaifinsa ya rantsar da shi kada baƙo ya ga saiwar da ake haɗa maganin da ita tana ɗanya. A gidansu ƙona ta ake yi, a daka, a gauraya da toka don kada a gane ta. In ya nuna, ya ci amanar mamaci. In ya ɓoye fa? Sai ya ga ai ba ɓoyewa ba ce, tunda garin da yake bai wa marasa lafiya shi zai bayar. Ya ƙara ƙona ta fiye da kullum, ya ƙulle a tsumma ya miƙa.

Damina ta wuce, wata daminar ta zo. Tasallah ta daina zuwa kogi, sannan ta daina tsintar shinkafa.

Da Bunyaminu ya sake ɓullowa, goro yake sayarwa. Ya ce an auna garin, ba a samu komai ba sai gawayi da toka.

"Ga saiwar nan, malam, da ganyenta," in ji Sodangi. "Yau zan kai ka har gindin itacen."

"Bara ya kamata, baba. Sun rufe wannan sashe, mu ma sun sallame mu. Wai kuɗin ya koma binciken sama."

Sodangi ya koma gida da ƙafa. Ya tarar da Tasallah zaune bakin murhu, tana laluben ludayi. Ta ji takunsa, ta tambaya ko ya ga mutumin. Ya ce ya gan shi. Sai ta ce ya duba mata tukunyar ko ruwan ya tafasa.