Cikin da Ya Zauna Kan Tabo

Likitar ta daina motsa na'urar eko mai hoton ciki, ta juya allon wajen Mas'uda.

"Madam, yaushe aka yi miki aikin haihuwa?"

"Shekara ukku ke nan. Ɗan bai zo da rai ba."

Ƙara ta cika ɗakin, bugun zuciya mai sauri kamar na ɗan tsako. Tun daga garinsu Ɗan Kassari Mas'uda take bayan babur da ɗigon jini a zanenta, tana tsammanin za a ce mata cikin ya zube.

"Yana da rai!" ta ce.

"Yana da rai, amma bai zauna inda ya kamata ba. Ya manne kan tabon wancan aikin, inda naman mahaifa ya yi siriri. In ya ƙara girma wurin zai tsage, jinin kuwa ba zai bari ki iso nan ba. Dole a cire shi."

"A matsar da shi mana, likita."

"Ba a iyawa. Da ƙarami ne sai mu gwada allura. Wannan sai aiki, in Allah ya so mu tsira da mahaifar."

Ta fita baranda da takardar sa hannu, ta kira mijinta Naziru, wanda ke sayar da takalma a Kwatano. Hayaniyar kasuwa ta kusa rufe muryarsa.

"Mi kika ce? Zuciyarshi na bugawa kuma a hidda shi? Wannan zubda ciki na, Mas'uda. Ni ba ni ɗaukar alhaki."

"Malam, ta ce ina iya mutuwa."

"Su ne suka yanka ki da hwari, yanzu kuma tabonsu ne laihi. Ki koma gida. Bayan sallah ina nan tahe."

Sallah saura sati biyar. Ta lissafa da yatsu, ta tuna hanyar garinsu idan ruwa ya sauka, da amalanken jaki da ya kawo ta wancan karon bayan kwana biyu tana naƙuda. Ta sake kira, bai ɗauka ba. Ta daɗe zaune kan benci, tafinta a kan mara.

Da ta koma ciki ta ce, "Ki sake kunna mini in ji."

Likitar ta kunna. Mas'uda ta saurara har ta ƙoshi, sannan ta miƙa babban yatsanta aka shafa masa tawada.

Washegari da hantsi ta farka a ɗakin masu jego, don nan kaɗai ake da gado. An ce mata mahaifar ta tsira, amma kada ta ɗauki ciki sai bayan shekara biyu. Wayarta na gefen matashi, babu kira ko ɗaya.

Wata tsohuwa ta shigo da kwanon kunu, ta zo ganin jikarta. Tana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya da fara'a, har ta iso kanta.

"Barka, ɗiyata, barka da sauka lahiya! Mi aka samu?"

Mas'uda ta gyara zanen da ke rufe sabon ɗinkin.

"Barka kadai, Inna," ta ce, ta juya fuskarta ga bango.