Rigimar Indararo

A wancan zamanin layin shaguna ɗaya ne a unguwar, kuma ko tari mutum ya yi an san na wane ne. Mai guga ne a farko da dutsen gugarsa na gawayi, sai tela, sai mai aski da tsagaggen madubinsa, sai mai gyaran rediyo a can ƙarshe. A da akwai shagon gyaran takalma na Baba, mahaifin Auta, a jikin nasa, amma da aka zo faɗaɗa titi aka haɗa da shi. Inda Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan benci, yanzu manyan motoci ne ke wucewa a guje.

Shi Baba bai san da wannan ba. An faɗa masa, ya ji, ya manta. Tsufa ya kwashe masa har sunayen jikokinsa, amma ya bar masa hanyar shago. Da zarar Auta ta juya baya wajen wanki, sai ya sa hularsa ya sulale. Kullum cikin fargaba take, don ta san ranar da ƙafarsa ta taka kwaltar nan, sai dai wani ba shi ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai, duk sanda ta fita nemansa a ƙofar mai rediyo take samunsa, ana ta zuba rigima. Tun tana goye mutanen nan biyu suke faɗa a kan indararo, wai ruwan rufin wane ne ke zuba a ƙofar wane. Shago ya tafi, indararo ya bi shi, amma mai rediyo ya ƙi barin maganar. Dattijo da furfurarsa, ya rasa abokin faɗa sai mara lafiya!

Wata safiya ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Tana ganin Baba ya fita ta zari mayafi ta bi bayansa. Ya zo daidai shagon farko ke nan sai ta ji mai guga ya ce, “Ga shi nan tafe!” Tela ya miƙa wa mai aski maganar, mai aski ya buga ƙofar kwanon mai rediyo. Nan take mai rediyo ya ajiye aikin hannunsa ya jawo benci waje. Baba ya wuce shi ko kallo, ya nufi titi gadan-gadan.

“Kai mai takalma!” in ji mai rediyo. “Jiya ma ruwanka ya jiƙa mini kaya!”

Rabon da a ga ruwan sama an yi watanni. Amma Baba ya ja ya tsaya, ya juyo.

“Ruwana? Rufinka ne a karkace tun ranar da aka kafa shi!”

“To zauna ka yi mini bayani, in kana da gaskiya.”

Baba ya zauna, ya gyara hula, ya ɗauko zance tun daga tushe.

Auta ta tsaya daga nesa tana kallonsu. Da mai rediyo ya hango ta, sai ya yafito ta gefe ya rage murya.

“Lallashi mun gwada, ’yata. Mai aski ya riƙe hannunsa, ya fizge. Tela ya ba shi kujera, ya ture. Duk layin nan ba wanda yake ganewa sai ni, ni ɗin ma sai na ɗaga murya.”

“Kawu, aikinka fa? Kullum haka kake barinsa?”

“Rediyo inda na ajiye shi nan zan same shi.”

Kunya da godiya suka rufe ta lokaci guda. Ta durƙusa, hawaye na zuba, ta ce, “Allah ya saka da alheri, Kawu. Allah ya jiƙan mahaifa.”

“Tashi, tashi! Kar ya gani ya ɗauka an shirya, ya kama hanya.”

Daga kan benci Baba ya ɗaga murya: “Ina ka shiga? Guduwa ka yi? Ban gama ba!”

Mai rediyo ya goge ido da hannun riga, ya yi gyaran murya, ya haɗe fuska.

“Ni zan gudu? Ga ni nan zuwa. Yau sai mun kai azahar!”