Sa Hannun Tsohon Magini

Ma'aikaciyar ta turo masa fayil ɗin ta ƙarƙashin gilashi, ta ɗora yatsa a kan wani layi cikin takardar bankinsa.

"Malam, komai ya yi daidai, sai wannan. Wa ya zuba maka wannan kuɗin watan jiya?"

Dogo ya sunkuya ya duba. Tsayinsa ne ya jawo masa wannan suna tun yana ƙarami, kuma duk tagar ofishin da ya je sai ya ranƙwafa.

"Babana ne."

"Rance ne ko kyauta?"

Ya yi dariya. "Haba Malama, uba ne fa."

"Na ji. Amma kwamfuta ba ta san uba ba."

Ta yi masa bayani a natse, irin na wadda ta faɗi maganar sau ɗari. Ofishin nan yana biya wa wanda bai taɓa mallakar gida ba rabin kuɗin kafin alƙalami, wato abin da ake fara ajiyewa kafin banki ya ɗauki sauran. Ɗaya rabin kuwa dole ya zama guminsa ne ko kyauta, ban da rance. Ta zaro wata takarda ta miƙa masa. Duk wanda ya ba da kyautar sai ya sa hannu cewa ba zai nemi a biya shi ba, kuma ba shi da rabo a gidan.

"Ƙarfe huɗu na yau muke rufe wannan rukunin. In ba ta dawo ba, gida mai lamba sha bakwai zai koma ga na bayanka a jeri. Ka ga yanzu sha ɗaya saura."

A cikin bas Dogo ya karanta takardar sau uku, kuma kowane karo sai ya ji ta ƙara nauyi. Shekara goma sha ɗaya yana gyaran firji a bakin kasuwa, shekara goma sha ɗaya yana haya, shi da matarsa da 'ya'yansu mata uku a ɗaki biyu. Asabar shida ya rufe shago ya je ya zauna a aji kamar ɗan makaranta, ana koya musu yadda ake riƙe gida da biyan banki. Hotuna, tambari, wasiƙar ƙungiyar masu gyara, duk ya kai. Bai taɓa zaton abin da zai rage shi ne ya je ya ce wa mahaifinsa ya rubuta da hannunsa cewa ba shi da komai a gidan ba.

Baba magini ne, ko da yake ya ajiye aikin shekara biyar da suka wuce. Yana zaune a ɗaki ɗaya na haya bayan wani shagon fenti, cokalin gininsa da igiyar awo suna rataye a bango, a goge tas kamar gobe za a kira shi aiki. Kuɗin da ya ba Dogo kuwa shi ne duk abin da ya tara a rayuwarsa. Ranar da ya bayar ko zama bai bari an yi ba, ya ce a tafi banki kafin ya canza ra'ayi.

Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi ƙafa, ya tambayi maganin hawan jini, sannan ya miƙa takardar. Baba ya sa tabarau ya karanta, leɓɓansa suna motsi. Da ya kai ƙarshe sai ya koma farko.

"Wato in sa hannu ba ni da rabo."

"Baba, ƙa'idarsu ce kawai. Kowa ma haka ake..."

"Na ce wani abu ne?" Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. "Ni dai ban taɓa sa hannu a kan ginin da ban gani ba. Wata biyu kana cewa gida, gida. Ka taɓa kai ni?"

Nan Dogo ya sunkuyar da kai, don gaskiya ce. Da gangan bai kai shi ba. Baba mutum ne da ba ya shiga gini ya fito bai samo masa aibi ba. Ko lokacin da aka kwantar da shi a asibiti, ana ƙara masa ruwa yana nuna wa likita inda silin ya karkace. Dogo ya ji tsoron ya kai shi ya kushe gidan, shi kuwa ya riga ya sa gidan a ransa, matarsa har ta auna tagogi ta kai wa tela labule.

"To mu je yanzu, Baba. Amma huɗu za su rufe."

"Sai ka bari in yi salla tukuna."

Ƙarfe biyu da kwata suka isa. Gidaje ne ƙanana a jere, duk fenti ɗaya, sai lamba ke raba su. Mai gadi ya ba su makulli, Baba ya karɓe tun kafin Dogo ya miƙa hannu. Bai buɗe ƙofa ba. Sai da ya zagaye gidan sau biyu, yana tafe yana kallon gindin bango, ya tsuguna ya kankare ƙasa da makullin ya duba inda harsashi ya tsaya.

A ciki ya bi bangon falo yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa manne da fenti. Inda ya ji sauti ya canza sai ya ce "hmm," ya wuce. Ya buɗe ƙofar ɗakin kwana rabi, ya sake ta, ya tsaya ya ga ko za ta tafi da kanta. Ba ta motsa ba. Ya karɓi robar ruwan da ke hannun Dogo ya shiga banɗaki, ya tsiyaye ta a ƙasa, su biyu suka tsaya suna kallon ruwan yana gangarawa har ya shige magudana.

Wayar Dogo ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Ya sa hannun?"

"Yana duba banɗaki."

"Banɗaki? Uku fa ta kusa! Ka ba shi wayar in roƙe shi."

"Ke dai yi ta addu'a," ya ce, ya kashe.

Gumi ya jiƙa masa riga. Yana so ya ce Baba ya hanzarta, amma ya san halin mutuminsa: in ka ce ya yi sauri, sai ya koma ya sake daga farko. Baba ya sa shi ya ɗaga murfin silin ya haska da waya, ya tambaye shi kaurin katakon, ya ce ya sake dubawa da kyau. Daga nan ya fita tsakar gida, wadda ba ta fi a shanya wanki a ajiye kujera biyu ba, ya zauna a kan wani bulo da magina suka bari.

"Wanda ya ɗora ginin nan ya san aikinsa," ya ce. "Wanda ya yi filasta kuwa, Allah ya shirye shi. Amma filasta ba ta kashe gida. Ka saya."

Daɗi ya kama Dogo. Sai kuma ya ga Baba ya zaro takardar yana warwarewa a kan gwiwa, kunyar ɗazu ta dawo masa sabuwa. Ya tsuguna a gabansa.

"Baba, wallahi takardar nan ta tsaya mini a rai tun safe. Kuɗinka ne, guminka ne. Ko me aka rubuta a ciki, gidan nan naka ne. In ranka bai so ba, a bar shi, in jira wani rukunin."

Baba ya dube shi ta saman tabarau, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Kai Dogo, tsayi ne kawai Allah ya ba ka. Ka san gida nawa na gina? Ni kaina na daina ƙirgawa. In na gama, a karɓi makulli, a sallame ni a bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa cewa in sa hannu ba ni da rabo, don ba wanda ya taɓa zaton zan iya samu. Yau shekarata saba'in da ɗaya, hukuma guda tana tsoron kada in ce gida nawa ne. Kai kana ganin wulaƙanci, ni tun a ɗaki nake jin daɗi. Ba ni biro."

Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, ya hura tawadar duk da cewa biro ne. Uku da minti goma.

"Ruga. Ni ina nan, makullin yana hannuna."

Dogo bai jira bas ba, tasi ya tare, abin da rabonsa da yi tun ranar da aka haifi autarsu. Huɗu saura minti takwas ya ranƙwafa a tagar ofishin yana haki. Ma'aikaciyar ta duba sa hannun, ta buga tambari, ta ce, "Allah ya sanya alheri, Malam. Sha bakwai naka ne." Ya yi mata godiya har sau uku, ya gode wa mai gadin ofishin, ya gode wa wani mutum da ya zo nasa aikin. A kan matakala ya kira matarsa, bai gama magana ba ya ji ihun yara a bayanta.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya koma. Ya tarar da Baba a tsugune a bakin ƙofar gidan, yana auna dakalin shiga da tafin hannu. Ya riga ya ja layi a ƙasa da tsinke.

"An karɓa, Baba. An buga tambari."

"Alhamdulillahi." Baba ya dafa bango ya miƙe, ya karkaɗe hannuwansa. "Dakalin nan ya yi tsawo, ƙaramar 'yarka za ta riƙa faɗuwa. Yana son a ƙara masa taki ɗaya. Bulo shida ne da rabin buhun siminti, aikin safiya guda."

"To Baba, sai ka yi mana."

"A'a, ba a taɓa gini sai da izini." Ya gyara tsayuwa, ya miƙa masa makullin da hannu biyu. "Maigida, in fara gobe?"

Dogo ya karɓi makullin, shi ma da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya kai mu."