Warin da ke Cikin Motar Alhaji Muhtari

Alhaji Muhtari yana cikin nuna wa wani baƙo yadda ake buɗe firiji da yatsa ɗaya sai wayarsa ta yi ƙara.

Baƙon bai roƙi a nuna masa ba. Siminti ya zo saya. Amma duk wanda ya biyo ta ƙofar gidan Alhaji a Kaura Namoda sai an shigar da shi motar. Mota ce mai ɗaki, irin wadda Turawa ke yawon shan iska da ita. Akwai gado, akwai kujeru, akwai wurin wanke hannu da bai taɓa ganin ruwa ba, akwai kuma firiji mai aiki da gas, wanda babu ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Daga Kwatano aka kawo ta Kano, daga Kano aka ɗoro ta a bayan tirela aka sauke ƙarƙashin bishiyar bedi ta ƙofar gida. Tun ranar ba ta motsa ba. Alhaji ya ce hanya ce ba ta da kyau. Tayoyin dai sun zauna, har wata kaza ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashinta.

"Salamu alaikum, da Alhaji Muhtari nake magana? Sunana Alheri, daga ofishin da ka sayi mota a Kano."

Alhaji ya sa wayar a sifika, don baƙon ya ji ana kiransa daga Kano.

Ta ce kamfanin da ya ƙera firijin ne ya aiko da sanarwa. Irin wannan firijin, akwai bututu a bayansa da ke tsagewa, abin da ke ciki ya riƙa yoyo, in ya haɗu da wutar gas sai gobara. Motoci sun ƙone a ƙasashen waje. Lambar nasa tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ya kashe gas ɗin yanzu, za a turo mai gyara, kyauta.

"Kyauta?" in ji Alhaji. Ya cire sifika.

"Kyauta, ranka ya daɗe. Ka dai faɗa mini inda motar take, da lokacin da ake samunka a gida."

A ƙasar da ake ɗauke mutum daga gonarsa a kan babur, ba a tambayar mai siminti lokacin da ake samunsa a gida. Alhaji ya leƙa ta tagar motar. Mai rake ne kawai a titi, amma shi ma yanzu bai yarda da tsayuwarsa ba.

"Sannan Alhaji," in ji ta, kamar mai karanta takarda, "ko kuna jin wani wari a cikin motar? Kamar na fitsari? Ko kun ga wani gari rawaya a..."

Bai ji ƙarshen ba. Kunnensa ya riga ya toshe.

Akwai warin. Ya yi makonni. Kuma akwai Inna Tabawa, mahaifiyarsa, wadda tun da zafi ya shigo ta mai da gadon motar wurin barcinta na rana, ga ruwan sanyi kusa da kanta. Ranar da Alhaji ya fara jin warin ya tsaya, ya dubi gadon, ya fita. Tsufa ne. Uwa ce. Abin da ya yi kawai, ya ce wa matarsa Ummusalma ta riƙa kai kaskon turaren wuta motar kullum kafin la'asar, saboda baƙi. Ita ma ba ta tambaya ba. Tana da hanci.

To maganar da miji da mata ba su yi ba a ɗakinsu, yau ga ta a bakin wata yarinya a Kano.

"Motar tana Shinkafi," in ji Alhaji. "Bayan kasuwa. Ku tambayi kowa."

Ya kashe wayar. Baƙon ya ce zai dawo batun simintin.

Bayan azahar 'yan majalisa suka hallara cikin motar kamar kullum, kowa da ledar ruwan sanyi a hannu. Alhaji ya ba su labari, ya tsallake batun wari. Ya ce dai yarinyar ta faɗi wani sirrin gida da ba wanda ya sani.

"Aikin infoman 'yan bindiga ne," in ji Tijjani direba, yana tsotsar ruwa. "Haka sunka yi ma wani a hanyar Zurmi. Sunka ce ya ci kyautar taki."

"Kamfani ya ce kayanai ba su da kyau, da bakinai?" in ji Malam Nafi'u. "Ni tun da nike, ban taɓa jin mai kaya ya kira ka ya ce ya cuce ka ba. Ko mai manja bai yi."

"Firijin su ka so," in ji Tijjani. "Ko mai firijin."

Alhaji ya gyara zama a kujerarsa ta kusa da firiji, wadda ba mai zama a kai sai shi. A ransa tsoro ne, amma akwai ɗan daɗi a ciki. Ba kowa ake shirya wa makirci tun daga Kano ba.

"Abin da ad damuwata," ya ce, "na cikin gida ne ya ba su labari."

Kowa ya jinjina kai. Tijjani ya ɗan toshe hanci da gefen rawaninsa kamar mai share gumi, kamar yadda yake yi kullum.

Da suka watse Alhaji ya shiga gida. Ummusalma tana tsakar gida tana hura garwashi a kasko.

"Wa kinka gaya ma?"

"Mi?"

"Kin sani. Batun mota. Batun..." Ya nuna ɗakin Inna da haɓa. "Ƙanenki da yaz zo daga Zurmi, ya shiga motar ko bai shiga ba?"

Ta ajiye mafici. "Alhaji, ƙanena kag ga ya yi kama da infoma? Kai kaj ja shi ciki da hannunka, shina cewa sauri shikai."

Ya faɗa mata abin da yarinyar ta ce, a gutsure, murya ƙasa. Ummusalma ta saurara har ƙarshe.

"To kashe gas ɗin mana. In ƙarya ta yi, mi ka rasa? Ruwan sanyi?"

"Abin da su ka so ke nan. In kashe, su san na ji tsoro. Gobe a ce a kasuwa firijin Alhaji ya mutu."

"In kuma gaskiya ta faɗi? Inna can ta ka kwana."

"Ke ba ki san duniya ba."

"Na san gas," in ji ta.

"Ina tambayarki, wa ya kai maganar warin ga har Kano?"

Ya manta da murya ƙasa. Labulen ɗakin ya motsa. Inna Tabawa ta fito riƙe da rigunan kujerun motar na canji a ninke, wankakku. Ta tsaya ta dube su. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai, wane wari?"

Alhaji ya dubi ƙasa. Ummusalma ta dubi kasko. Inna ta sauke ajiyar zuciya ta zauna a kan turmi.

"To tunda ta fito, ta fito. Ni ban gaya ma kowa ba. Kullum da safe ni ka cire rigunan ga in wanke in mayar, don kar abokanka su gane. Garin da ni ka zuba maka cikin kunu, na wanga ciwo ne. Tsohonka ma haka ya fara. Ba abin kunya ba ne, ka tai asibiti."

Alhaji ya ɗago kai a hankali.

"Inna. Ni?"

"To wa? Daga wajen kujerarka ya ka fitowa. Ni da ni ka kwana can, ban san inda wari ya ka fitowa ba?" Ta dube shi, ta dubi surukarta, ta ga yadda suke kallonta. Fuskarta ta sauya. "La'ilaha illallahu. Ni kunka zata?"

Ummusalma ta juya baya. Kafaɗunta suna rawa, ba za a iya cewa kuka ne ba.

Kujerar Alhaji tana jingine da firijin. Wannan kowa a Kaura ya sani, don shi ya nuna musu.

Ya fita da sauri, takalmi ƙafa ɗaya. A jikin motar ta waje akwai wani ɗan murfi mai ramuka, daidai bayan firijin, wanda bai taɓa buɗewa ba saboda ba ya cikin abubuwan da ake nuna wa baƙi. Ya ɓalle shi da makullin gida. Warin ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa. A jikin bututun, ga gari nan rawaya ya taru, ga kuma 'yar wutar gas shuɗiya tana ci a ƙasansa, hankalinta kwance.

Yana juyowa ya ga Ummusalma ta biyo shi, da kaskon garwashi a hannu. Hannu ya saba.

"Koma da shi! Koma!"

Ta koma. Ya lalubi kan tukunyar gas ya murɗa, ya sake murɗawa ta ɗaya gefen, don bai san wanne ne kashewa ba. Wutar ta mutu. Ya daɗe a tsugunne. Ta tagar motar yana hango matashin kan Inna a gadon, taku biyu daga firijin.

Inna ta leƙo daga zaure. "A daina zuba maka garin ke nan?"

"A daina, Inna."

"Ka dai shanye na yau. An riga an dama."

Ya zauna a kan matakalar motar ya nemo lambar Alheri. Ta ɗauka a bugu na biyu.

"Alhaji na Shinkafi! Mai gyaranmu zai taso gobe da safe. Bayan kasuwa ka ce ko?"

Alhaji Muhtari ya dubi tayoyin da suka nutse cikin ƙasa, da kazar da ke kwance a inuwarsu da 'ya'yanta. Ya gyara murya.

"A'a, ya biyo ta Kaura," ya ce. "Mun taso da motar ɗazu."